Hoton ƙirji ya nuna "zuciya ta kumbura": a sake ɗauka ko a bar shi haka?

Sabon Intan: Assalamu alaikum manyanmu masu ɗaukar hoton eksire na wannan guruf. Ni intan ne, wato sabon mai sanin makamar aiki, ina neman shawara. Jiya da dare an kawo wata dattijuwa a kan gadon tura marasa lafiya, tana tari tana haki. Wanda yake aikin dare ya ɗauke ta hoton ƙirji a kwance, da na'urar tafi-da-gidanka. Da safe likita ya auna, ya ce faɗin zuciya ya wuce rabin ƙirji, ya rubuta a je a yi eko, wato sikanin zuciya. 'Ya'yanta sun zo suna tambayata kuɗin eko. Ni kuma da na duba hoton, babu inda aka rubuta AP, wato hasken ya shiga daga gaba ya fita ta baya, babu inda aka rubuta a kwance aka ɗauka. Na ce a sake, babbanmu ya ce a'a, ai hoto ya fito tas, kada a ƙara wa tsohuwa hasken eksire a banza. Wanne ne daidai?

Hajiya Mai Hoto: Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga a sake ko a bari, ƙanena, koma gaban allon ka amsa mini waɗannan. Kawunan kilabikul biyu, ƙasusuwan nan da suka taso daga gindin wuya zuwa kafaɗa, nisansu ɗaya ne daga tsakiyar ƙashin baya? Haƙarƙari nawa ka ƙirga a saman dayafuram, tantanin da ya raba ƙirji da ciki? Allon kafaɗa yana cikin huhu ko ya fita? Kusurwoyin ƙasan huhu duka biyu sun shiga? Sannan ina alamar dama ko hagu?

Sabon Intan: Na dubo, Hajiya. Kilabikul na hagu ya fi kusa da tsakiya. Haƙarƙarin baya bakwai na samu. Allon kafaɗa duk yana cikin huhu. Kusurwoyi sun shiga, amma ɓangaren dama ya fi na hagu fari-fari, kamar an shafa hazo. Alamar R kuma a kwamfuta aka buga ta, ba ta dalma ba ce.

Hajiya Mai Hoto: To ka gani. Ta karkace, ba ta ja numfashi ba, a kwance take, kuma daga gaba hasken ya shiga. Kowanne daga cikin huɗun nan shi kaɗai ya isa ya sauya kamannin zuciya. Muna son haƙarƙarin baya tara zuwa goma, ko na gaba shida, kai ka samu bakwai na baya. Wannan hoton ba a auna zuciya da shi. "Ya fito tas" da babbanku ya ce, baƙi da fari yake nufi, ba tsayuwar mara lafiya ba.

Dokta na Karkara: Bari in kare ɗan'uwana likita tun kafin ku cinye shi ɗanye 😄 Mu abin da kuka miƙo mana shi muke karantawa. Idan ba a rubuta komai ba, ɗauka muke PA ne a tsaye, wato hasken ya shiga daga baya, don shi ne ƙa'ida. Mutum yana da marasa lafiya cike da layi, ba zai tsaya ƙirga haƙarƙari a kowane fim ba. Haruffa biyu kacal za ku rubuta ku hutar da kowa.

Hajiya Mai Hoto: Gaskiyarka Dokta, laifin farko namu ne. Amma ku ma takardun da kuke turo mana, sai ka ga "CXR", wato hoton ƙirji, kawai da sa hannu. Ba a ce tari ba, ba a ce ana zargin ruwa ba, ba a ce hanji ya fashe ba. Idan iskar da ta fita daga hanji kake nema a ƙarƙashin dayafuram, sai na zaunar da mutum minti biyar zuwa goma kafin in ɗauka. In ba ka faɗa mini ba, ta ina zan sani?

Baba Ɗakin Duhu: Salamu alaikum yarana. Na jima ina karantawa, na ce bari in tofa. Abin da ke damuna da zamanin nan shi ne na'ura ta sangarta ku. A lokacinmu fim kuɗi ne, a ƙirge ake ba ka shi. Kafin ka danna, sai ka tsayar da mutum, ka ɗaga haɓarsa, ka sa bayan hannuwansa a ƙugu, ka turo kafaɗunsa gaba har su taɓa kaset ɗin fim don allon kafaɗa ya fita daga huhu, ka ja tiyub mai fitar da haske baya santimita 180, ka saita tsakiyar haske a T7, ƙashin baya na bakwai a ƙirji, daidai ƙasan allon kafaɗa, ka zagaya ka duba ko ya karkace. Sannan ka danna sau ɗaya. Don in ka ɓata, sai ka shiga ɗakin duhu ka fito kafin ka sani, kuma fim ɗin da ka ɓata yana nan a kwali, oga zai gani.

Kuma ɗakin duhun ma nasa bala'in daban. Difelofa ta hannu, ruwan maganin da yake fito da hoto a fim, an tsara ta ne a kan zafi kusan digiri 20, minti biyar. To a watan Afrilu a Arewa ina za ka samu digiri 20? Sai mu riƙa sa ƙanƙara a kewayen tanki, in ba haka ba fim ya yi baƙi ya yi hazo. In fiksa, maganin da yake zaunar da hoton, ta gaji, fim ya fito kamar an zuba masa madara. In ba a wanke da kyau ba, bayan 'yan watanni ya koma ruwan ƙasa. Da hunturu kuwa, in ka fizgi fim daga kaset da sauri, tartsatsin wuta ya zana maka baƙin reshe a tsakiyar huhu saboda bushewar iska. In ka lanƙwasa shi da yatsa, ya bar maka tabo mai siffar jinjirin wata. Duk wannan mun sha, amma tsayar da mara lafiya ba ma wasa da shi. Yanzu yaro zai danna, ya leƙa allo, ya goge, ya sake dannawa, babu wanda ya sani.

Na DR: Baba, ranka ya daɗe, da girmamawa ban yarda duka ba. Na ga tsofaffin fina-finai a ma'ajiya, wasu an yanke saman huhu, wasu babu alama ko ɗaya. Karkacewa ba da kwamfuta ta zo ba. Abin da dijital ya yi shi ne ya kawar da rabin dalilan sake hoto: babu difelofa, babu hasken da ya kutsa ɗakin duhu, babu fim ɗin da ya ƙone. Shi ya sa yanzu in aka tattara hotunan da aka ƙi, tsayuwa ce kan gaba. Sauran matsalolin ne suka ragu, sai tata ta fito fili.

Baba Ɗakin Duhu: To batun haske fa? A fim, in ka zuba mAs, wato adadin haske, da yawa, hoto ya yi baƙi ƙirin, ya tona maka asiri. Naku fa?

Na DR: A nan kam ka kama mu, Baba. In ka ba da haske kaɗan a DR, na'urar dijital mai nuna hoto kai tsaye a allo, hoto ya fito da tsaki-tsaki, likita ya yi ƙorafi. In ka ninka shi biyu ko uku, kwamfuta ta daidaita, hoto ya fito sumul, kowa ya yaba. Sai hannu ya riƙa hawa sama a hankali, ba wanda ya lura. Maganinsa lambar nan da na'ura take nunawa bayan kowane hoto, EI mai nuna yawan hasken da ya isa farantin ɗaukar hoto, da kuma DI mai nuna yadda ka kauce wa abin da ake so, a na'urorin da suke da ita. DI sifili na nufin ka yi daidai, +3 ka ninka abin da ake so, -3 ka ba da rabi. Amma mutum nawa ne a cikinmu yake kallonta? Sai kuma masu buɗe kolimeta, ƙofar da take taƙaita faɗin haske, gaba ɗaya, su haska tun daga haɓa har cibiya, sannan su yanke gefen a kwamfuta. Hoton ya yi kyau a ido, amma jikin mutum ya riga ya sha, kuma hasken da ya warwatsu ya rage wa hoton kaifi.

Injiniya: Bari in sa lissafi a batun zuciyar nan don Dokta ya gani da lamba. Ka riƙe hannunka tsakanin tocila da bango: in hannun yana jikin bango, inuwarsa daidai girmansa, in ka matso da shi wajen tocilar, inuwa ta yi ƙatuwa. Zuciya tana gaban ƙirji ne. A PA tana kusa da faranti. A ce tazararta santimita 8 ce, tiyub yana 180: 180 a raba da 172, ƙarin bai kai kashi 5 cikin 100 ba. A AP a kan gado, a ce tazarar ta zama 18, tiyub kuma yana 100 saboda rufin ɗaki ko hannun na'ura bai kai ba: 100 a raba da 82, ƙarin ya haura kashi 20. Ƙirjin ma yana ƙaruwa, amma ba kamar zuciyar ba. Ka haɗa da kwanciya, inda dayafuram yake turowa sama zuciya ta kwanta a gicciye.

Amma ni farin da ya ce ya gani a dama ne ya tsaya mini. Intan, an sa girid, allon nan mai tace hasken da ya warwatsu?

Sabon Intan: Ba a sa ba, Injiniya. Faranti kawai aka tura ƙarƙashinta.

Injiniya: To ba girid ba ne. Na tambaya ne don in girid ya karkace a kan katifa, ko tiyub bai zo tsakiyarsa ba, gefe ɗaya yakan yi fari haka, a yi ta neman cutar da babu. In an kifa girid mai saiti kuwa, tsakiya ce kawai za ta fito, gefe da gefe su ɓace. Tunda babu shi, saura karkacewar, ko kuma wani abu ne na gaske.

Hajiya Mai Hoto: Abin da nake shirin faɗa ke nan. Ruwa a kewayen huhu, in mutum yana tsaye, ƙasa yake taruwa ya cike kusurwa, daga kusan mililita 200 za ka fara ganinsa a PA. In yana kwance, sai ya bazu a bayan huhu, abin da za ka gani hazo ne kawai a gefe ɗaya. Mace mai tari da haki, gefe ɗaya ya yi hazo, a hoton kwance? Ni wannan ya fi zuciyar tayar mini da hankali.

Ɗalibar Aji Huɗu: Don Allah Anti, tambaya a gefe. Yaya kuke yi da tsofaffi su riƙe numfashi? Ni in na ce "ja numfashi ki riƙe" daga bayan gilashi, sai su ja su saki nan take, ko su ɗaga kafaɗa kawai.

Hajiya Mai Hoto: Kuskuren shi ne bari sai kin koma bayan gilashi. Tun kina gabanta za ki gwada mata sau biyu, ke ma ki yi ta gani. Ki ce, "Iya, kamar za ki nutsa a ruwa, ki cika ƙirji, kada ki saki sai na ce." Ki shirya na'ura tukuna, yatsanki a kan mataki na farko na maɓallin ɗauka, sannan ki ba da umarni, idonki a kan bayanta ba a kan allo ba. A ja na biyu ake samun cika sosai. In Fulatanci ko Barbarci take ji, ki kira ɗan rakiya ya koya mata kafin ya fita. Wanda haki ya hana shi riƙewa kuwa, ki rage lokaci: ki ɗaga mA, wato yawan hasken da yake fita a daƙiƙa, ko ki ƙara kV, wato ƙarfin ratsawarsa, da kashi 15 ki raba mAs biyu. Motsi shi ne abin da babu kwamfutar da za ta gyara.

Sai kayan jiki. Sarƙa da maɓalli da ƙarfen rigar mama kowa ya sani. Waɗanda ake mantawa: fil ɗin hijabi, carbi a aljihun gaba, laya a wuya ko a damtse, guru da jigida in hoton ƙugu ne. Kitso mai kauri ko ƙarin gashi in ya sauko kan kafaɗa, yakan zana inuwa a saman huhu, daidai wurin da ake neman tibi. A ɗaure shi sama. Kuma kada ki ce wa dattijuwa "cire kaya" a gaban maza ki tsaya kallonta. Ki ba ta rigar asibiti, ki ja labule, ki tambaye ta a hankali ko akwai abin da ta ɗaura. Laya ba a fizge ta, cewa za ki yi ta riƙe a hannu, minti ɗaya ne. Mace mai shekarun haihuwa kuma a tambaye ta batun ciki a keɓe, ba a bakin ƙofa ba.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da aiki. Ni batun alama zan taɓa. A wajenmu D da G muke sawa, D dama, G hagu, saboda Faransanci. Mutanenmu da yawa suna tsallakawa Katsina da Kano da fim a hannu, naku ma suna zuwa mana da R da L. Wanda bai sani ba ya tambaya, kada ya yi hasashe da inda zuciya take.

Na DR: Ni fa ban ga aibin bugawa a kwamfuta ba in mutum ya kula. Alamun dalma ɓata suke yi kullum.

Baba Ɗakin Duhu: "In mutum ya kula." Da me zai kula? Ka ɗauki AP amma a menu ka zaɓi PA, na'ura ta juya hoton da kanta. Ka zo ka ga zuciya a wancan gefen, ka ce au, ka juya, ka buga L a inda zuciya take. To ranar da aka kawo maka wanda Allah ya halitta da zuciya a dama fa? Akwai su, ba yawa, amma akwai. Ka gyara masa halitta da linzamin kwamfuta. Ko a sa wa mutum bututun ƙirji a gefen da lafiyarsa ƙalau. Alamar dalma tana cikin hoton tun lokacin da haske ya ratsa, duk juyin da aka yi tana biye. Wadda aka buga daga baya shaidar abin da kake zato ce kawai.

Na DR: Na karɓa, Baba. Wannan ba ni da amsa.

Dokta na Karkara: Tunda an buɗe fage, ga nawa ƙorafin. Hoton ƙashi fuska ɗaya. Mutum ya faɗo daga babur, a turo mini AP kaɗai wai kuɗin fim ɗaya ya biya. Karaya tana iya ɓuya sarai a fuska ɗaya, sai a ta gefe za ka ga ƙashi ya goce.

Hajiya Mai Hoto: Fuska biyu masu kusurwa 90 a tsakaninsu, wannan ba alfarma ba ce. Kuma dogon ƙashi a haɗa da gaɓar sama da ta ƙasa. Misalin da nake ba ɗalibai kullum shi ne karayar Monteggia: a ƙasusuwa biyu da suke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, ulna ta karye, kan radiyus ya goce a gwiwar hannu. In ka ɗauki tsakiyar hannu kawai ka bar gwiwar a waje, za a ɗaure karaya a bar gocewa, yaro ya girma hannu ba ya lanƙwasuwa daidai. Iyaye kuma su ce da wajen mai ɗori suka je da ya fi. Haka ƙugu: ana juya ƙafafu ciki digiri 15 zuwa 20 don wuyan ƙashin cinya ya fito da tsawonsa, amma in tsoho ya faɗi, ƙafa ta gajarce ta juya waje, kada wanda ya murɗa ta. A ɗauka yadda take, a yi ta gefe da haske a kwance.

Injiniya: Masu CR kuma, wato farantin da ake sawa a na'urar karantawa kafin hoto ya fito, don Allah ku riƙa goge faranti da safe in ya kwana biyu ba a yi aiki da shi ba, kuma kada a jingine shi a cikin ɗakin ɗauka. Yana tara haske, ya ba ku hazo ko fatalwar hoton jiya. Ɗigon fari da yake fitowa a wuri ɗaya a faranti ɗaya, ƙura ce a farantin. Farin layi miƙaƙƙe da yake bin kowane hoto, datti ne a cikin na'urar karantawa. Da hunturu ina samun kiran nan ba adadi, a ce na'ura ta lalace.

Dokta na Karkara: Da masu ɗaga fim a taga su ɗauka da waya su turo a WhatsApp, ana hango bishiya da mai shayi ta cikin huhu 😂

Admin: Jama'a a dawo kan tambayar yaron nan. A sake ko a bari? Kuma tunatarwa: duk wanda zai sa hoto a nan ya rufe suna da lambar asibiti.

Baba Ɗakin Duhu: Babbansu yana da hujja, ba a sake hoto don kwalliya. Da bututun abinci aka sa mata ana son ganin inda ya tsaya, ya kuma fito, da na ce a bari ko da ta karkace. Tambayar ita ce, hoton ya amsa abin da aka turo ta dominsa? Bai amsa ba. Bai faɗi girman zuciya ba, ya kuma bar mu da shakka a huhun dama. Hoton ƙirji PA guda kusan 0.02 mSv ne a ma'aunin hasken da jiki ya sha, alhali abin da mutum yake sha daga ƙasa da sararin sama a shekara, a matsakaicin duniya, kusan 2.4 ne. Kwanaki kaɗan ke nan. Ka auna wannan da kuɗin eko da kuma ruwan da ƙila yana nan ba a gani ba. In za ta iya zama, a zaunar da ita a kujera mara jingina ta rungumi faranti a yi PA. In ba za ta iya ba, a ɗaga kan gadon sosai, AP a zaune, a ja tiyub iya nisan da zai yiwu, a rubuta yadda aka yi da nisan. Amma yaro, kada ka je ka ce wa babbanka 'yan guruf sun ce ka yi kuskure. Ka je wajen likitan, ka gaya masa a kwance aka ɗauka, shi zai rubuto sabuwar takarda.

Sabon Intan: Na gode Baba, haka na yi. Likitan ya ce bai san a kwance ba ne, ya rubuto. Mun zaunar da ita, jikarta ta koya mata numfashin, na manna alamar dalma da filasta. Haƙarƙari tara. Kusurwar dama ta cike, ruwa ne a fili har da lanƙwasarsa. Zuciyar kuma tana bakin rabi, ba ta wuce sosai ba. Ya ce ekon yana nan amma ba yau ba, ruwan za a fara dubawa.

Dokta na Karkara: Ma sha Allah. Amma ku lura, bai soke eko ba. Ruwa a dama ga tsohuwa mai haki, zuciyar ma tana iya kawo shi, tibi ma haka. Kada a ce likita ya yi kuskure gaba ɗaya.

Hajiya Mai Hoto: Ba wanda ya ce haka, Dokta, kai dai ka cika mana takarda 😄

Ɗalibar Aji Huɗu: Anti, a hoton na biyu ya kamata a ɗaura mata rigar dalma a ƙugu? A wajen da nake koyon aiki wasu suna sawa, wasu sun ce an daina.

Na DR: Ƙungiyar masana kimiyyar haske ta asibiti a Amurka, AAPM, ta ba da shawarar a daina rufe mara lafiya tun 2019, Birtaniya ta biyo baya a 2020. Hujjarsu, hasken da yake kai wa can daga cikin jiki yake warwatsuwa, dalmar waje ba ta tare shi, kuma in ta shiga hoto ta rufe abin da ake nema ko ta ruɗa na'urar da take yanke haske da kanta, sai an sake. Ɗan rakiya da zai riƙe mara lafiya kam dole ya sa.

Baba Ɗakin Duhu: Su can na'urorinsu ana auna su a kai a kai. Kai yaushe rabon da a gwada ko hasken fitilar kolimetarku ya yi daidai da inda hasken gaske yake sauka? Ku fara gwada wannan tukuna, sannan mu yi maganar cire dalma.

Injiniya: Wannan gwajin ba ya buƙatar kayan waje. A ɗora faranti a santimita 100, a rage fitila zuwa murabba'i, a jera tsabar kuɗi ko kilif na takarda a gefuna huɗu daidai bakin hasken, a ɗauka. Saɓanin kada ya wuce kashi 2 cikin 100 na nisan, wato santimita 2. Duk wanda ya yi ya turo hoton nan in duba masa.